Waya ta maƙale da takardu a ciki, a yi mata filashin?

Wani ɗan'uwa daga Ingila ya rubuto cewa wayarsa ta tsaya cak a kan tambari bayan ya sabunta manhaja. A ciki akwai hotunan takardunsa na zama da saƙonnin muryar mahaifiyarsa. Kwamfuta ba ta ganin wayar, abokinsa kuma ya ce a yi filashin, wato a sake ɗora mata manhajarta gaba ɗaya, a huta.

Malam, dakata tukuna. Fara cire layinka ka sa a wata waya. Izinin zama a Ingila yanzu yana asusun UKVI (hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya) ne ta intanet, kuma lambar shiga ta layi ko imel take zuwa. Sannan ka leƙa Google Photos da ajiyar WhatsApp a Google Drive, wataƙila muryar Hajiya tana can lafiya lau.

Rashin ganin da kwamfuta take yi ba mutuwa ba ne, galibi direba ce babu, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane waya. Kowace ƙwaƙwalwar waya tana da ƙofar baya da ke buɗewa tun kafin Android ta tashi. Ta wayoyi masu ƙwaƙwalwar kamfanin Qualcomm ita ce EDL, kuma Windows za ta nuna lambar 9008. In ka ga QHSUSB_BULK da alamar rawaya, direbar ba ta zauna ba. Waya mai ƙwaƙwalwar MediaTek kuwa 'yar ɓuya take yi, ta bayyana daƙiƙa ɗaya ko biyu ta ɓace, shi ya sa mutane ke ɗora wa igiya laifi. Sa direbar VCOM, buɗe manhajar filashin ta SP Flash Tool, danna Download, sannan ka jona wayar a kashe. Samsung da manhajar filashin ta Odin take aiki: fayil ɗin CSC yana share komai, HOME_CSC yana barin kayanka. Wannan bambancin kaɗai ya sa da yawa sun yi da-na-sani.

Inda na fi jiye maka tsoro shi ne maɓallin Format All + Download na SP Flash Tool. Yana goge wurin da lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, take, waya ta tashi ba sabis, sai wani ya ce zai rubuta mata sabuwa. A Ingila dokar 2002 ta haramta canza wannan lamba ba da izinin kamfanin da ya ƙera wayar ba, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 5. Mai jiran sabunta takarda ba ya wasa da irin wannan.

In ka kai wa mai gyara, ka ce masa bayananka kake so kafin waya, kuma ya faɗa maka abin da zai danna kafin ya danna.