Me ya sa ba a miƙar da karkataccen bayan ƙaramin yaro a tiyata ɗaya?

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 4, ƙashin bayanta ya karkace gefe guda, hoto ya nuna digiri 60. An ce za a sa mata ƙarfe a riƙa ƙara masa tsawo. Me zai hana a gyara gaba ɗaya a huta? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Huhunta ne ya hana. Yaron da ya kusa gama tsayi, ana miƙar da bayansa a haɗe ƙasusuwan su zama guda, daga nan wurin ya daina girma. In aka yi wa 'yar shekara 4 haka, ƙirjinta zai tsaya ƙarami, alhali huhu yana bunƙasa har wajen shekara 8. Sai ta tashi da gajeren jiki da ƙarancin numfashi, kuma wannan ya fi karkatar illa.

Shi ya sa ake sa sandunan ƙarfe biyu, a kafe su sama da ƙasan karkatar, a bar tsakiya ta ci gaba da girma. Kusan duk wata 6 ana ƙaramar tiyata a ƙara musu tsawo. Akwai mai maganaɗisu, MAGEC, wanda Amurka ta amince da shi a 2014. Shi na'ura ake ɗorawa a baya a ƙara tsawon ba tare da yanka ba, sai dai yana da tsada sosai.

Ba zan ɓoye miki ba, hanyar doguwa ce. Ƙarfe yakan karye, makafarsa takan kwance, ciwon yakan ruɓa, kuma yawanci sai an yi tiyatar haɗewa idan ta kusa balaga. Duk da haka, digiri 60 a wannan shekarun ba abin zuba wa ido ba ne, don karkatar tana ƙaruwa ne da girman yaro.

Kafin tiyata a yi mata hoton MRI, domin wani lokaci matsalar a lakar baya take. Ki tambayi likitocin Asibitin Ƙashi na Dala ko za a iya fara ɗaure ta da siminti don jinkirta aikin. Don Allah kada a kai ta wurin maɗori, wannan ba karaya ba ce, ja da matsa ba sa miƙar da shi.