Yarana suna tsallaka titin Zariya kullum: wa ya kamata ya tsaya, direba ko mai tafiya a ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, muna zaune a wajen Unguwa Uku a Kano, kuma yarana biyu, mai shekara bakwai da mai shekara goma sha ɗaya, sai sun tsallaka titin Zariya kafin su isa makaranta. Ko a inda aka yi zanen tsallakawa ban taɓa ganin motar da ta tsaya ba. Maigidana direba ne, yana cewa laifin masu tafiya a ƙasa ne, domin suna faɗa wa titi ba tare da dubawa ba, kuma ko an gina musu gada ba sa hawa. Shin gaskiyarsa ne? Me kuma zan koya wa yaran nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya raya miki yaran, ya tsare su a fitarsu da komowarsu.

Abin da maigidanki yake gani daga bayan sitiyari yana faruwa. Akwai masu shiga titi da waya a kunne, akwai masu fitowa daga bayan motar da ta tsaya ba tare da sun leƙa ba, akwai kuma masu haure shingen tsakiyar titi alhali ga gada a kusa da su. Sai dai ban yarda da hukuncin da ya yanke ba. Kowa yana yin kuskure a kan hanya, direba da mai tafiya a ƙasa, babba da yaro, amma abin da yake yanke ko kuskuren zai ƙare da firgita, ko da karaya, ko da jana'iza, shi ne gudun da motar take yi a lokacin, kuma wannan gudun yana ƙarƙashin ƙafar direba ne.

Doka ma a nan ta fi ɗora nauyi. Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya, wanda Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa take fitarwa, ya ƙayyade gudun ƙananan motoci da tasi da bas a cikin gari a kan kilomita 50 a awa ɗaya, ya kuma umarci direba ya rage gudu idan ya doshi zanen tsallakawa, ya tsaya wa wanda ya riga ya sa ƙafa a kansa. An ɗora wa mai tafiya a ƙasa nasa haƙƙin, wato ya bi gefen da aka tanadar masa, ya hau gada a inda take, kada kuma ya faɗa gaban mota ba zato, amma kuskurensa ba ya halatta wa kowa ya bi ta kansa.

Ina so ki karanta wa maigida wannan lissafin, domin direbobi da yawa sun shekara suna tuƙi ba wanda ya taɓa yi musu shi. Daga lokacin da ido ya ga yaro a kan titi zuwa lokacin da ƙafa ta taka burki, direban da hankalinsa yake kan hanya yana cin kimanin daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin wannan daƙiƙar motar tana tafiya da cikakken gudunta. Mai gudun kilomita 30 zai ci mita 8 kafin ya taɓa burki, ya ƙara mita 5 kafin motar ta tsaya, jimla mita 13. Mai gudun kilomita 50 yana buƙatar kusan mita 28. Mai gudun kilomita 80, wanda ba baƙon abu ba ne a manyan titunanmu idan hanya ta buɗe, yana buƙatar mita 55 ko fiye. Wannan kuwa a kan busasshiyar kwalta ne da taya mai kyau da burki mai ci, ba tare da waya a hannu ba. Ma'anarsa ita ce, idan yaro ya fito a nisan mita 13, mai gudun 30 zai tsaya a gabansa, shi kuwa mai gudun 50 zai buge shi tun ƙafarsa ba ta kai kan burki ba. Ƙarfin bugun ma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake yi: wanda mota ta buge a gudun kilomita 30 kamar ya faɗo ne daga tsayin mita uku da rabi, wanda ta buge a gudun 50 kuwa kamar ya faɗo daga tsayin mita goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yiwuwar mutuwar wanda gaban mota ya buga tana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da na 65. A rahotonta na 2023 ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗuran hanya duk shekara a duniya, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asarar rayuka, duk da cewa motocinsa ba su kai na sauran yankuna yawa ba.

Adalci ne kuma a faɗi cewa direba ba shi kaɗai ya zaɓi wannan gudun ba, titin ma yana kiransa gare shi. Titin Zariya babbar hanya ce da ta nufi Kaduna da Abuja, mai faɗi, miƙaƙƙiya, amma ta ratsa ta Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku da Na'ibawa, inda gidaje da makarantu da masallatai da tashoshi suke a hannu biyu. Haka titin Katsina yake a Kurna, haka titin Maiduguri yake a Hotoro. Gadojin sama da na ƙasa da aka gina a wurare irin su Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro sun rage cunkoso, kuma wannan alheri ne, amma suna da wani sakamako da ba a cika magana a kansa ba. A da, danja ko shataletale kan tsayar da motoci, su taho rukuni-rukuni, a samu giɓin da mutum zai tsallaka a cikinsa. Idan aka cire abin da yake tsayar da su, sai su riƙa kwararowa babu yankewa, kuma da gudun da ya fi na da. Fentin da aka shafa a kan irin wannan titi, ba tare da wani abu da zai tilasta rage gudu ba, ba ya tsayar da kowa, shi ya sa ba ki taɓa ganin an tsaya ba.

Ga kuma halin da masu abin hawa na haya suke ciki. Tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, a-daidaita-sahu ya zama ƙafar yawancin mutanen gari, kuma da yawa daga matuƙansa suna fita ne da balas a wuyansu, wanda dole su haɗa kafin su ga na cefane. Mutumin da yake cikin wannan hali yana cin burki a duk inda ya hango fasinja, yana yin aron hannu don ya rage nisa, yana kutsawa ta gefen da mai tafiya a ƙasa yake tsammanin babu kowa. Gefen titin da aka yi domin masu tafiya kuwa 'yan tebur da masu ajiye motoci sun cinye mafi yawansa, sai ya zama dole mutum ya sauko kan kwalta. Wannan bayani ne na dalilin abin, ba uzuri ba ne ga wanda ya yi ganganci.

Batun gada yana buƙatar a tsaya a kansa, domin ita ce babbar hujjar direbobi. Idan akwai gada a hanyar yaranki, su hau ta kullum, ko da za ta ƙara musu tafiya. A wannan babu ja. Amma a matsayin maganin matsalar gari, ina ganin an ba ta girman da ba ta kai ba. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da mai juna biyu, da mai keken guragu, da mai tura baro ko kurar ruwa, duk ba za su iya hawan matakala mai tsayin bene biyu ba. Sau da yawa ana gina ta a inda aka samu fili, ba a inda mutane suke tsallakawa ba, kuma da daddare mutane suna gudunta saboda tsoron masu ƙwacen waya. A Legas an shekara ana kama masu tsallaka manyan tituna a ƙarƙashin gadoji, har yau ba a daina tsallakawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda gada take sa direba ya ji cewa duk wanda ya gani a ƙasa ya zubar da haƙƙinsa, sai ya ƙara taka totur a daidai wurin da mutane suka fi yawa.

Game da yaran, magana ta farko ita ce mai shekara bakwai bai kai ya tsallaka irin wannan titi shi kaɗai ba, komai wayonsa. Yaro a wannan shekarun bai iya auna gudun mota da nisanta ba tukuna, gajartarsa tana ɓoye shi a bayan motar da ta tsaya, kuma abu kaɗan yake ɗauke masa hankali. Ba na kuma so a ɗora wa mai shekara goma sha ɗaya nauyin ƙaninsa a kan titi mai hannu biyu, domin da kyar yake iya kula da kansa. A samu babba ya tsallakar da su safe da rana, ko iyayen layinku su yi karɓa-karɓa, kuma a riƙe ƙaramin a wuyan hannu, ba a yatsu ba, don kada ya fizge.

Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka motar da za ta fara iske mai tsallakawa daga hagunsa take zuwa. Su dubi hagu, su dubi dama, su sake duban hagu, kuma saboda masu aron hannu su yi haka a kowane rabi na titin. Su tsallaka rabi ɗaya, su tsaya a kan dakalin tsakiya, su sake dubawa kamar yanzu suka fara. Su yi tafiya da hanzari amma ba da gudu ba, kada kuma su juya baya a tsakiyar titi, domin direba yana lissafi ne da inda ya ga mutum ya nufa. Akwai wani tarko da nake so ki maimaita musu har ya zauna: idan mota ɗaya ta tsaya ta ba su hanya, kada su ɗauka an gama, domin wadda take layi na biyu ba ta ganinsu, kuma sau da yawa tana ƙoƙarin wuce wadda ta tsaya ne. Su tsaya a daidai gaban motar da ta ba su hanya, su leƙa, sannan su ci gaba. Kada su gifta dab da gaban tirela ko tifa ko tanka ko da a tsaye take, domin direbanta yana sama, ba ya ganin abin da yake ƙarƙashin hancin motarsa. Idan za su sauka daga sahu, su fita ta dama, gefen da babu motoci, kuma inda babu wurin tafiya su bi hannun hagu suna fuskantar motocin da suke tahowa. A ƙara kula a lokacin tashi daga Islamiyya dab da magariba, da safiyar hunturu idan hazo ya sauka, da kuma sa'ar da ake rige-rigen zuwa shan ruwa a watan azumi. Hijabi ko kayan makaranta masu duhu suna ɓacewa a idon direba a irin waɗannan lokuta, don haka ƙyalle mai ƙyalli a jikin jaka yana da amfani, kuma ba shi da tsada.

Duk wannan kariya ce ta yau da gobe, gyaran gaske kuwa a jikin titin yake. A Darussalam ta Tanzaniya wata ƙungiya mai suna Amend ta bi makarantun firamaren da yara suka fi samun rauni, ta yi musu tudun rage gudu da wurin tafiya da zanen tsallakawa da alamu, kuma binciken da aka yi ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin ɗari. Taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya yi kira da a mayar da gudu kilomita 30 a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa. Ku iyaye kuna iya neman irin wannan ta hannun ƙungiyar iyaye da malamai da mai unguwa, a rubuce, zuwa ga KAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Kano, da Hukumar Kiyaye Haɗura da ma'aikatar ayyuka. Ku nemi jami'in da zai riƙa tsayar da motoci a lokacin shiga da tashi daga makaranta, da wurin tsallakawa mai tudu, da fitila, da alamar makaranta tun daga nesa. Kada dai unguwa ta gina tudu da kanta babu fenti babu alama, domin irinsa yana kayar da masu babur da daddare.

Shi kuwa maigida, ina roƙonsa ya ɗauki abu biyu. Ya riƙa sauke gudu zuwa 30 a gaban makaranta da kasuwa da masallaci da tasha, kuma idan ya ga mota ta tsaya a gabansa ba tare da ya san dalili ba, kada ya wuce ta sai ya ga abin da ya tsayar da ita. Mun yi imani da ƙaddara, amma shari'ar da ta koya mana ita, ita ce ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i.

Idan kuma haɗari ya auku a gabanku, Allah ya kiyaye, a kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura. Kada a ɗaga wanda aka buge ta hannu da ƙafa, a tallafe kansa da wuyansa su zauna a miƙe, a danne inda jini yake zuba da tsumma mai tsabta, kada kuma a ba shi ruwa ko abinci. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A kuma hana matasa far wa direban ko ƙona motarsa, domin tsoron haka yana cikin abin da yake sa direbobi gudu su bar mutum a kwance, kuma sau da yawa motar da ta yi bugun ita ce mafi kusa da za ta kai shi asibiti.