Amsa ga mai tambaya kan haɗa jitar bes da waƙa

Ƙanena na ga tambayarka tun jiya, ka ce kai mawaƙi ne, shekararka 21, mai kaɗa muku bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, ya bar gari, shi ne 'yan ƙungiyarku suka ce kai ka ɗauka, kana tsoron ko ka makara kuma ko za ka iya haɗa ta da waƙa. To ba ka makara ba wallahi. Ni na girme ka lokacin da na fara taɓa ta, kuma bari in ba ka labarin mutumin da ya sa ban ajiye ta ba.

Sunansa Phil Lynott, na ƙungiyar Thin Lizzy. An haife shi a Ingila a 1949, babansa baƙar fata ne ɗan Guyana, mamarsa Philomena 'yar Ailan, amma a Dublin ya taso hannun kakarsa a unguwar Crumlin, a zamanin da sai ka zagaye unguwa gaba ɗaya ba ka ga baƙin yaro ba sai shi. Waƙa ya fara, ba kiɗa ba, kamar kai ɗin nan. Yana cikin wata ƙungiya Skid Row ta can Ailan, suka ga za su iya tafiya babu shi suka sallame shi, sai mai bes ɗinsu Brush Shiels ya zaunar da shi ya koya masa bes don kar ya tafi hannu rabbana. Yana wajen shekara 20 a lokacin. Ƙarshen 1969 shi da abokinsa tun na makaranta Brian Downey mai ganga da Eric Bell mai jita suka kafa Thin Lizzy.

Abin da nake so ka lura da shi in ka kunna kundinsu Jailbreak na 1976, ko Live and Dangerous da aka ɗauka a kan dandamali ya fito a 1978, kar ka bi jitocin nan biyu na Scott Gorham da Brian Robertson duk da su ne za su fara ɗauke maka hankali, ka sa kunne kan bes ɗin da ke ƙasa. Hannun Phil ba ya wani ƙwalisa, bugu ne miƙaƙƙe da ɗan robar nan da ake kaɗa tsirkiya da shi, yana tafiya ƙafa da ƙafa da gangar Downey, amma bakinsa kuma daban, kamar mai ba da labari a majalisa, wani lokaci ya jinkirta kalma ta faɗo bayan bugu, wani lokaci ya tara kalmomi da yawa ya zubo su lokaci guda. Nan ne wahalar take. Hannu na kan hanya ɗaya baki na kan wata.

Ni da na fara sai na ɗauka ai abu ne mai sauƙi tunda mun taso muna jin marigayi Ɗan Maraya Jos yana kaɗa kuntigi yana waƙa shi kaɗai. Ashe shi kuntigin nasa ne, in ya ga dama ya ja in ya ga dama ya sassauta, babu wanda ke jiransa. Mai bes kuwa ɗaure yake da mai ganga, ka kuskure bugu ɗaya kowa a wurin sai ya ji ko da bai san daga ina matsalar ta fito ba. Wata uku na yi ina buɗe baki hannuna na tsayawa cak. Abin da ya fisshe ni, na koyi kiɗan shi kaɗai har sai da na iya yin hira da ƙanwata ina kaɗawa, sannan na fara karanta baitin kamar magana a kan kiɗan, ba rerawa, a hankali sosai, sai daga baya na sa murya. Kuma na rage yawan abin da hannu ke yi duk inda ake waƙa, in an zo gurbin da baki ya huta sai in saki hannu.

Ƙarshen Phil ne ke min ciwo har yau. Hodar nan heroin ta kama shi, ƙungiyar ta watse a 1983, ranar Kirsimeti ta 1985 ya faɗi a gidansa na Landan, ya rasu 4 ga Janairu 1986 yana da shekara 36 kacal. A 2005 aka kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar Dublin da bes ɗinsa, mahaifiyarsa na raye ta gani da idonta. Mu ma akwai mai gangarmu na farko, hannu gare shi kamar me, maganin tarin nan da ƙwaya suka raba shi da kiɗa, wai don ya jure daren biki, yanzu ko sanda ba ya iya riƙewa da kyau. Shi ya sa in ana miƙa maka wani abu a bayan dandamali kar ka karɓa don Allah.

Ka samu bes mai tsirkiya huɗu tukuna, bar mai biyar ɗin. Ka zaɓi waƙarku mafi sauƙi ka yi mako biyu a kanta, ka ɗauka a waya ka turo nan mu ji inda hannun ke tsayawa.