Kaushin muryar Rod Stewart da matashin da ya dishe tasa don ya kamo shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kaduna, ina rera waƙoƙin soyayya a wajen biki, ina kuma shiga sutudiyo jefi-jefi. Mun yi gardama da abokin aikina kan waƙar "Have I Told You Lately". Na ce ta Van Morrison ce ta gaskiya tunda shi ya rubuta, shi kuma ya ce ta Rod Stewart ta fi ratsa jiki saboda kaushin muryarsa. Daga nan ya ba ni shawara in riƙa ƙwala ihu da sassafe har murya ta dishe, in kuma ɗan riƙa busa shisha, wai haka tsofaffin mawaƙan rok suka sami tasu. Na bi shawarar. Yau fiye da wata guda muryata a dishe take, in na hau sama sai ta yanke, ga shi na karɓi kafin alƙalami na wani biki. Wa ya fi gaskiya a cikinmu? Kuma wannan dishewar alama ce na kama hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ihun nan ka bar shi daga yau, shishar ma haka. Su ne suka tayar mini da hankali a saƙonka, amma bari in fara raba muku gardamar, don ita ce mai sauƙin.

Van Morrison, mutumin Belfast ta Ireland ta Arewa, ya fitar da waƙar a 1989 cikin faifansa Avalon Sunset. Rod Stewart, wanda sa'ansa ne, don dukansu haihuwar 1945 ne, ya fara ɗaukarta a sutudiyo cikin faifansa Vagabond Heart na 1991. Amma wadda duniya ta riƙe, wadda kuma abokinka yake nufi, ita ce ta 1993, da ya rera a zaune gaban jama'a a shirin Unplugged na tashar MTV yana da shekara 48. Ita ce ta hau har lamba ta 5 a jerin waƙoƙin da ke tashe a Amurka da Birtaniya.

Hujjarka ta "shi ya rubuta" ba ta ci ba. In mawaƙi ya ɗauki waƙar wani, abin da ake tambaya shi ne me ya jiyo a cikinta wanda mai ita bai fito da shi ba. Morrison yana rera ta kamar mai addu'a, har ba za ka iya rantsuwa ko da mace yake ko da Mahaliccinsa ba, shi ya sa da yawa daga masu sauraro suke ɗaukarta waƙar ibada. Stewart ya ɗauke wannan shakkar gaba ɗaya, ya miƙa waƙar ga mace ɗaya, matarsa ta lokacin, Rachel Hunter, har idonsa ya kawo ruwa yana cikin rerawa. Ya rage mata faɗi, ya matso da ita kusa. A kunnena ta Morrison ta fi zurfi, ta Stewart ta 1993 ta fi saurin kama zuciya, ta 1991 kuwa ita ce koma-baya, an shafe ta da kwalliyar sutudiyo har ta yi santsi da yawa. Ko ta 1993 ɗin ina da ƙorafi a kanta, masu goge sun cika mata zaƙi wajen ƙarshe.

To abokinka ya yi gaskiya cewa tana ratsa jiki, sai dai bai san abin da ke ratsa shi ba. Sa abin ji a kunne, ka bar kiɗan, ka bi ƙarshen kowane layi. Stewart ba ya jan sautin ƙarshe don nuna bajinta, yana sakinsa ya narke cikin numfashi. Yakan shigo bayan bugun kiɗa da ɗan kaɗan, kamar mai tunanin kalmar kafin ya faɗe ta. Numfashinsa yana faɗowa inda ma'anar ta tsaya. Mafi yawan waƙar a hankali yake yinta, kaushin yana ƙara fitowa ne in ya hau. Kuma a ƙarƙashin kaushin, sautin yana zaune daidai inda ya kamata. Mutumin da ya yi fiye da shekara ashirin yana cika filayen wasa da ƙara, ga shi ya danne ƙarfinsa da gangan: wannan dannewar kake ji a jikinka. A waƙa mai tafiyar hawainiya babu gangar da za ka fake a bayanta, duk wanda numfashinsa bai kai ba nan take za a gane.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Wannan maganar ta "ka dishe muryarka ta yi daɗi" na gaji da jinta. Kusan duk sati sai yaro ya shigo sutudiyo yana magana kamar wanda aka shaƙe, yana murna wai muryarsa ta fara nuna. Kallon kitse yake wa rogo. Stewart bai ƙera kaushinsa da tsufa ko da hayaƙi ba. Nemi faifan Truth da ya yi da makaɗin jita Jeff Beck a 1968, yana ɗan shekara 23, kaushin yana nan. Nemi "Maggie May" ta 1971, yana nan. Halittar maƙogwaronsa ce, kuma duk da kaushin yana hawa inda ya ga dama, ya sauko lafiya, ya sake yi gobe. Kai kuwa da bakinka ka ce in ka hau sama sai ta yanke. Tasa murya ce mai kaushi, taka murya ce mai ciwo.

Igiyoyin murya 'yan tsoka biyu ne a cikin zakaran wuya, tsawonsu wajen santimita biyu, suna haɗuwa suna rabuwa fiye da sau ɗari a daƙiƙa ɗaya in namiji yana magana, in ya hau sama kuma ya ninka. Duk ihun da ka ƙwala da sassafe, murya ba ta ko warware ba, gwara su kake da ƙarfi. Da farko sai su kumbura. In ka ci gaba sai su yi kanta irin ta tafin hannun manomi, su kasa rufuwa ruf, iska ta riƙa zurarewa ta tsakani. Sautin sama shi yake fara tafiya, don shi ya fi buƙatar gefen igiyoyin ya zama sumul. Wani lokaci ma jijiyar jini ce take fashewa a ciki. Abin da ya sami mawaƙiyar Birtaniya Adele ke nan a 2011, ta soke wasanninta, aka yi mata tiyata a Boston. Mawaƙiya Julie Andrews ma an yi mata aiki a maƙogwaro a 1997, muryar waƙarta ba ta dawo yadda take ba. Waɗannan masu kuɗin ganin manyan likitocin duniya ke nan.

Na san abin da abokinka zai ce, don masu irin wannan shawarar ba sa rasa misali: ai mawaƙiya Bonnie Tyler daga ciwo ta sami tata. Haka ne, an cire mata irin wannan kantar a shekarun 1970, ba ta huta yadda likita ya ce ba, kaushin ya zauna mata. Tsautsayi ne da ya zo mata da sa'a. Waɗanda irinsa ya raba da sana'arsu ba wanda ya san sunansu, tunda ba su sake fitar da faifai ba. Shi kansa Stewart, da aka yi masa tiyatar sankarar wuya a 2000, sai da ya shafe watanni yana koyon waƙa daga tushe. Da ciwo ne yake gyara murya, ai da ya taso daga gadon asibiti ya zarce dandali.

Sai kuma 'yan kasuwar maganin murya, waɗanda nake roƙonka kada ka faɗa hannunsu yanzu da biki ya matso. Za a ce ka sha ɗanyen ƙwai, ka lashi kanwa, ka tauna citta da kanumfari da masoro. Abin da ka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa igiyoyin murya, da zai taɓa su da ka ƙware. Zuma da ruwan ɗumi suna sanyaya maƙoshi, ban hana ka ba, amma ba sa narkar da kanta. Wani zai ce belu ne, a kai ka wajen wanzami ya yanke. Belu yana can sama a bayan baki, ciwonka yana ƙasa, sai ka tashi da zubar jini a banza. Mai kemis zai miƙo maka ƙwayar rage kumburi irin su dexamethasone ba tare da ya leƙa wuyanka ba, muryar ta buɗe na kwana biyu, ka hau dandali ka ƙarasa ta. Wani shaƙiyyin ma zai kawo maka maganin tari mai kodin, abin da gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi tun 2018 saboda yadda ya cinye matasa. Ita kuwa shisha hayaƙi ce, ruwan da ke cikin tukunyar bai wanke ta ba, kuma kai tsaye take bi ta kan wurin da ya kumbura.

Likitoci sun ce dishewar da ta wuce mako uku zuwa huɗu sai an leƙa an gani, musamman ga mai shan hayaƙi, kai kuma ka haura. Ka je asibitin koyarwa ko babban asibiti, ka nemi ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro, su zura ɗan madubi ko kyamara su kalli igiyoyin. Na san za a sa ka yankar kati da bin layi, wataƙila a ce ka dawo wani satin. Ka daure. Ka faɗa wa likita komai, har ihun da shishar, kada kunya ta sa ka ce mura ce. Kafin nan ka rage magana, kada ka koma yin raɗa don ita ma tana wahalar da su, ka daina gyaran murya da ƙarfi, ka yawaita shan ruwa, ka bar cin yaji da maiƙo dab da kwanciya saboda ƙwannafi yana ƙona wurin. Irin wannan kantar sau da yawa takan baje da hutu da horon murya ba sai an kai ga wuƙa ba, in dai an tare ta da wuri.

Bikin kuwa, ka kira masu shi yau ka mayar musu da kafin alƙalaminsu, ko ka haɗa su da wani abokin sana'a tun suna da lokacin shiri. In likita ya sallame ka, ka zo da waƙar da ka fi so, mu zauna mu yi aikin numfashi da sakin ƙarshen layi, da muryar da Allah Ya ba ka. Abokin naka ma ka taho da shi, ina so in ji tasa muryar.