Rautarka ba ta mutu ba tukuna

Malam, ka ce kana cikin sabunta manhajar cikin rautarka ta Asus, wato na'urar da ke raba maka intanet, aka ɗauke wuta, yanzu fitila ɗaya ce kawai ke kamawa kuma waifai ya ɓace. Kar ka yar da ita don Allah, yawanci manhajar ce ta rubutu rabi, ɗan shirin da ke tada na'urar yana nan lafiya lau.

Ka nemi kwamfuta ka sauke manhajar daga shafin Asus tare da shirinsu mai suna Firmware Restoration, amma ka juya rautar ka duba lambar samfurin da ke jikin sitika, in ka ɗora manhajar wani samfurin daban ka ƙara jagula lamarin. Haɗa kwamfutar da rautar da waya ta ramin LAN, ka sa wa kwamfutar adireshin IP 192.168.1.10 da hannu. Sai ka zare wutar rautar, ka danne maɓallin Reset ka mayar da wuta kana danne da shi har fitilar ta fara ƙiftawa a hankali, to ta shirya karɓa kenan, ka buɗe Firmware Restoration a kwamfutar, ka zaɓi fayil ɗin manhajar ka tura.

Kuma wallahi wannan karon ka jona ta a inbata ko UPS, ka san wutar Legas. Ba ta minti 5 ko fiye, kar ka taɓa komai.

In fitilar ta ƙi ƙiftawa sam, sai ka kai ta Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da ke Ikeja, akwai masu buɗe ta su rubuta manhajar kai tsaye a kan cif ɗin da ke adana manhajar.