Warin Fetur a Cikin Mota

Tambaya: Malam, Peugeot 504 ɗina tana warin fetur a ciki, musamman idan na cika tanki zan tafi Katsina. Yara har amai suke yi. Daga mai karatu a Daura.

Amsa: Alhaji, tunda bayan cika tanki ne, fara da bayan motar. Duba robar murfin tanki, sannan tiyon da ke kai mai daga bakin zubawa zuwa tanki. Zafin garinmu yana busar da shi ya tsattsage. Matsa shi da yatsa, za ka ga tsagar tana jiƙewa. A canja shi, kada bakanike ya ɗaure maka da robar tayar keke.

Idan bayan motar lafiya yake, shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar ta kwana, ɗigon zai nuna wurin. A leƙa kafireto ma, wato inda fetur ke haɗuwa da iska a inji. Da tocila za a duba, ban da ashana, kuma kada ka ɗauki yaran sai an gyara.