Motar kwana-kwana na makara: ta yaya taswira za ta nuna mana inda matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikacin kashe gobara ne a babban birnin wata jiha, shekarata shida a ɗakin karɓar kira. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kusan kullum sai an ce mun makara. Watan jiya jama'a suka jefi motarmu a wata unguwa, alhali direba ya fi minti goma yana zagaye yana neman layin da aka kwatanta masa. Shugabanninmu na cewa laifin direbobi ne, direbobi na cewa mu ne ba ma ɗaukar kwatance daidai, mu kuma muna cewa masu kira ne ke ruɗa mu. Na ji ana cewa ana amfani da bayanan taswira a gano irin wannan matsala. Mu da rajistar takarda da kwamfuta ɗaya kawai muke da su, za mu iya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki, ya kuma tsare ku. Za ku iya, kuma rajistar nan taku ta takarda ita ce jarinku mafi tsada, kada ka raina ta.

Mu fara da kalmar "makara" ɗin kanta, domin a nan gardamarku ta maƙale. Daga ƙarar waya zuwa isar mota akwai lokuta huɗu: lokacin da kira ya shigo, lokacin da ka gama ɗaukar kwatance ka sanar da ma'aikata, lokacin da mota ta fita daga ƙofar tasha, da lokacin da ta tsaya a wurin gobara. Tsakanin waɗannan lokuta akwai zango uku, kowane zango da mai shi. Na farko naka ne, na biyu na masu jiran aiki ne, na uku na direba da hanya. Idan rajistarku lokacin kira da lokacin dawowa kawai take ɗauka, to kowa zai ci gaba da ɗora wa ɗan'uwansa laifi har illa ma sha Allahu, babu mai hujja. Daga gobe ka ja layi huɗu a littafin, kowane lokaci da gurbinsa, kuma a yi amfani da agogo ɗaya. Na ga wurin da agogon bango ya riga na wayar direba da minti huɗu, aka yi wata da watanni ana zargin bawan Allah a banza.

A Amurka akwai ƙa'ida mai lamba 1710 ta NFPA, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara, wadda ta sa wa kowane zango ma'auni: kimanin minti ɗaya na ɗaukar kira, daƙiƙa 80 na shiri da fita, daƙiƙa 240 na tafiyar motar farko, kuma a cika wannan a kira tara cikin goma. Ba na ce ku auna kanku da waɗannan alƙaluma ba, titunansu da yawan tashoshinsu daban ne. Abin ɗauka shi ne "tara cikin goma" ɗin. Kada ku haɗa lokuta ku raba ku ce ga matsakaici, domin kira ashirin na kusa da tasha za su rufe asirin kira uku da aka yi minti arba'in ana nema. Waɗannan ukun ne ake jifan ku a kansu.

Yanzu ga aikin taswira. Ka ɗauki rajistar shekara ɗaya, ko ta wata shida idan ta yi yawa. Kowane kira ya samu layi ɗaya a Excel: kwanan wata, lokutan da aka rubuta, tashar da ta fita, kwatancen da mai kira ya bayar kalma da kalma, da ainihin inda aka tarar da wutar. Wannan na ƙarshe sai ka zauna da direbobi, a buɗe hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps ko Google Earth, direba ya ɗora yatsa ya ce "nan ne, bayan wannan kududdufin", kai kuma ka kwafi lambobin wurin, wato lambobi biyun da ke nuna matsayinsa a taswira. Aiki ne mai cin rai, amma a nan za ka fara jin labarin da ba a taɓa rubutawa ba. Sai ka sauke manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce kuma tana aiki a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi, ka ɗora mata tituna daga OpenStreetMap, taswirar kyauta da ke intanet, ka zuba kiranka a kai. Waɗanda aka isa da wuri ka ba su kore, waɗanda aka makara ja.

Yadda jajayen ɗigon suka zauna shi ne amsar. Idan sun yi zobe a bakin gari, nesa da kowace tasha, to gari ne ya girmi tashoshinku. Ko direba ya tashi sama ba zai isa ba, kuma maganar ta koma ta gina ƙaramar tasha ko ajiye mota a can lokacin hunturu. Idan sun watsu ko'ina amma duk tsakanin la'asar da isha ne, cunkoson tashi daga kasuwa ne, ko kuma lokacin canjin ma'aikata. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne jan ɗigo a gindin tasha, wurin da bai kai kilomita biyu ba amma aka yi minti ashirin. Irin wannan kusan kullum ɗaya ne cikin biyu: ko suna ya ruɗa ku, ko hanya ta yaudare ku.

Bari in daɗe a kan suna, domin shi ne babban ciwon garuruwanmu. Mutumin da gidansa ke ci ba ya ba da adireshi, kwatance yake yi, cikin ihu: "bayan gidan man nan, layin mai unguwa, kusa da taransifoma!" Ɗauki Kano a misali. Akwai Rijiyar Zaki ta wajen titin Gwarzo, akwai Rijiyar Lemo ta wajen titin Katsina. In layi na yankewa ka ji "Rijiyar" kawai, ka tura mota ɓangaren da ba shi ba, ka yi asarar kwata ɗin awa. Akwai Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama. Akwai Tudun Wada unguwa a cikin birni, akwai kuma Tudun Wada ƙaramar hukuma can kudancin jihar, ga Tudun Murtala, Tudun Yola, Tudun Maliki. Layin Masallaci kuwa, wace unguwa ce ba ta da shi? Kowane gari na arewa haka yake. Taswirar da ke cikin waya ba ta san yawancin waɗannan sunaye ba, ko ta san sunan da gwamnati ta raɗa wa titi alhali babu wanda ke kiran sa da shi.

Maganin wannan shi ne ku gina kundin sunayenku da kanku. Duk sunan da ya taɓa fitowa daga bakin mai kira a shigar da shi, tare da lambobin wurinsa, da unguwarsa, da tashar da ta fi kusa. A haɗa da tsohon suna: gidan man da aka sauya wa mai shi shekara goma da suka wuce amma har yau da sunan farko ake kiran sa, silimar da ta zama ɗakin taro, bishiyar da aka sare amma sunanta ya tsaya. A rubuta kowane suna da duk yadda ake rubuta shi, da ƙugiya da babu, da Hausa da Turanci. Duk sunan da ya fito fiye da sau ɗaya a gari a yi masa jan alama, a rubuta tambayar da za ta raba gardama a gefensa, yadda ko sabon ma'aikaci ne a kan waya zai san ya ce "wacce daga ciki?" kafin ya ajiye. Masu unguwanni da 'yan adaidaita sahu su ne malamanku a wannan aiki, sun fi kowace manhaja sanin lunguna.

Ba daga tushe za ku fara ba kuma. Tun wajen 2012 aikin rigakafin shan inna ya sa aka zana matsugunan arewa daga hoton tauraron ɗan'adam, aka riƙa bai wa masu ɗiga magani wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka da inda suka tsallake. Ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin waɗanda suka yi aikin. Shirin GRID3 ma ya fitar da bayanan matsugunai, makarantu, asibitoci da kasuwannin Najeriya, kowa na iya saukewa daga intanet. Dabarar da ta gano ƙauyen da allura ba ta kai ba, ita za ta gano unguwar da motarku ba ta kaiwa.

Sai hanya. Manhajar waya tana lissafi ne da ƙaramar mota. Motarku faɗinta ya kai mita biyu da rabi, ga nauyin ruwa, kowace lita kilo ɗaya. Layin da taswira ta nuna a buɗe, ka je ka tarar da kwalbati ya rufta, ko an kafa rumfa, ko wayar lantarki ta sauko, ko ƙofar ƙarfen da 'yan unguwa ke kullewa da dare. Ga shingen tsakiyar titi da ke tilasta wa mota tafiyar kilomita ɗaya kafin ta juyo, ga gadar sama da ta shafe mahaɗar da aka saba bi. Don haka kada ku zana da'ira a kewayen tasha ku ce nan ne yankinta. Ku sa waya mai GPS a kowace mota ta riƙa ɗaukar sawun tafiya, bayan 'yan makonni ku ɗora sawun a taswira. Za ka ga da idonka inda mota ta shiga ta ja da baya, inda ta tsaya minti shida, inda ta yi zagaye uku a wuri ɗaya. Daga wannan ne za ku san iya inda kowace tasha ke kaiwa cikin minti biyar, da cikin goma, da safe da kuma yamma, da rani da kuma damina. Sau da yawa sai a ga tashar da ake turawa bisa al'ada ko iyakar ƙaramar hukuma ba ita ce mafi saurin isa ba.

Kasuwa kuwa taswirarta daban za ku yi. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ya san abin da wutar dare ke yi wa kasuwa. A zana kowace ƙofa, wadda mota ke iya shiga da wadda ba ta iya, wa ke riƙe da makulli da dare, da lambar wayarsa.

Kada a manta da ruwa. A ce tankinku lita 4,000 ne kuna fesa 500 a minti, minti takwas ya ƙare. Jama'a na ganin mota ta juya sai su ce kun zo babu ruwa. Kowace rijiyar burtsatse mai babban tanki, kowane kamfani da ya yarda a ɗiba, kowane tafki da kududdufin da mota ke iya kusanta, a sa shi a taswira da watan da yake ƙafewa. Mai karɓar kira ya faɗa wa direba inda zai sake cikawa tun kafin ya isa.

Akwai kurakuran lambobi da nake so ka kiyaye, don suna sa mutum ya zargi taswira a banza. Kano tana kan digiri 12.0 arewa, digiri 8.5 gabas. Ka juya su ka sa na biyu a gurbin na farko, ɗigonka zai faɗa wajen Ganye a jihar Adamawa. Gurbin da aka bari babu komai kwamfuta kan ɗauke shi sifili da sifili, sai ka ga gobara a tsakiyar teku kudu da Gana. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, saboda haka in ka yanke lamba ka bar biyu bayan ɗigo, kuskurenka zai iya kai ɗaruruwan mitoci. Ka bar biyar. Sannan tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya an zana su ne bisa wani tsarin auna wuri da ake kira Minna, GPS kuma na aiki da wani tsarin daban mai suna WGS84. Ka haɗa su ba tare da ka faɗa wa QGIS ba, komai zai goce da gomman mitoci, wanda a unguwa mai cunkoso layi biyu ne ko uku.

Ga mai kira mai babbar waya, abu mafi sauƙi shi ne ku ware lambar WhatsApp a ɗakin kira, a ce masa ya turo wurin da yake. Akwai kuma Plus Code na Google Maps, 'yan haruffa da lambobi da ke nuna fili mai kimanin mita 14. Ana iya rubuta shi a bangon makaranta, masallacin Juma'a da ƙofar kasuwa. Amma kullum a tambaya: "Kana wurin wutar yanzu, ko wani ne ya kira ka?" Da yawa ɗan'uwa ne ke kira daga wata unguwa. Kiran da ya biyo ta lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ma ka riƙa yi masa alama daban, domin ya bi ta hannu biyu kafin ya zo gare ka, kuma kwatance na raguwa a hanya. Ka nemi lambar mai kiran na asali ka sake bugawa yayin da mota ke tafiya.

Gargaɗi ɗaya nake so ka kai wa shugabanninka da ladabi. Kada a mai da wannan taswira bulalar dukan direbobi. Ranar da ma'aikaci ya gane lokacin da ya rubuta zai jawo masa takardar tuhuma, daga ranar lokutan za su yi kyau a littafi, gidaje kuma su ci gaba da ƙonewa. A birnin New York cikin shekarun 1970 an yi amfani da lissafin cibiyar bincike ta RAND na lokacin isar mota aka rufe wasu rukunonin kashe gobara, ciki har da na unguwannin talakawa irin na Bronx, inda wuta ta yi mummunar ɓarna a shekarun. Masu suka sun daɗe suna nuna cewa bayanan da aka gina lissafin a kai ba su da inganci. Haka kuma lambobin wayar jama'a da wuraren gidajensu amana ne, kada fayil ɗin ya fita daga ofis.

Wannan makon ka zaɓi kira ashirin mafi muni na bara, har da na ranar da aka jefe ku. Ka sayo shayi, ka zaunar da direbobin da suka fita, ku sa kowane kira a taswira, a gefensa ku rubuta dalili ɗaya: suna, hanya, nisa, jinkirin fita, ko ruwa. Ka buga taswirar a babbar takarda ka kai wa shugabanka ita da lissafin dalilan. In ka yi, ka sake rubuto mini abin da ya fi yawa a cikin biyar ɗin, sai mu duba yadda za a tsara kundin sunayen garinku.